Manhajar lissafin kanti da ta kwanta ranar da gajimare ya kwanta: tauraro 2 cikin 5

Tauraro 2 na ba ta, ɗayan ma albarkacin bayananmu da ba su salwanta ba ne. Ba sai na kama sunanta ko kuɗinta ba, masu sari a Garwa da Marwa, nan arewacin Kamaru, sun san irin waɗannan manhajoji da ake bi butik-butik ana talla, wai sun raba ɗan kasuwa da littafin bashi har abada. Wata 14 muna aiki da ita a rumbun sarin shinkafa, sukari, mai da sabulu: waya 3, kwamfuta 1, da ƙaramar na'urar buga faktir, wato rasit, mai takarda milimita 58, reshe ɗaya a Garwa ɗaya a Marwa. Ranakun da take lafiya ba ni da ta cewa. Maganata a kan rana ɗaya ce.

Asabar ɗin ƙarshen wata, ƙarfe 8 da 'yan mintoci, babbar mota na ƙofa ana sauke kaya, masu kiri sun yi layi, manhaja ta ƙi buɗuwa. Da'irar nan ta yi ta juyi, can sai ta jefo lamba 503. Yara suka ce, "Maigida, rezo ne." Mu nan arewa komai ya tsaya rezo, wato layin sadarwa, ake ɗora wa, kuma sau da yawa da gaskiyar mutane. Intanet ɗinmu daga bakin teku yake tasowa, daga Duwala, Limbe da Kribi inda wayoyin ƙarƙashin ruwa suka sauka, ya biyo fiba, wayar intanet da aka binne a ƙasa, ta Ngaundere, Garwa, Marwa har Kusiri. Katafila ɗaya ta masu gyaran hanya ta isa ta tsinke shi. Ranar 14 ga Maris 2024 ma wayoyin ƙarƙashin ruwa huɗu, WACS, SAT-3, ACE da MainOne, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama har da tamu suka ji a jikinsu.

Amma ran nan ba rezo ba ne, kuma minti 5 sun isa a gane. WhatsApp na tafiya, har bidiyo na sauka. Aka sauya zuwa layin wani kamfanin, lambar dai ita ce. Aka aika ping, wato saƙon gwajin layi, zuwa 8.8.8.8 na Google daga kwamfuta, amsa na dawowa ba tangarɗa. Ita kanta lambar shaida ce: idan ka ga 500, 502, 503 ko 504, saƙonka ya fita gari, ya ƙetare teku, ya ƙwanƙwasa ƙofa, can ne aka ce babu mai amsawa. Da fiba ce ta yanke, ba za ka ga lamba ba sam, sai dai shafi ya yi ta jira har ya gaji. Don haka kashe waya da kunnawa, sayen sabon data, ɗaga waya sama a bakin titi, duk wahalar banza ce, kuma duk sai da yara suka yi.

Sai ƙarfe 1 saura kamfanin manhajar ya turo saƙon layi biyu, wai matsalar daga gajimare take, ba daga gare su ba. Ba su faɗi wanne ba, ba su faɗi yaushe za ta ƙare ba. Shafin da suke sanar da matsala shi ma a kwance yake, don a gida ɗaya suka ajiye shi da manhajar.

Gajimare suna ne kawai mai daɗin ji. Gini ne cike da kwamfutoci a ƙasar wasu, yana cin wuta, yana buƙatar sanyi, ma'aikatansa na kuskure kamar kowa. Kuma a nan zan yi musu adalci: manya ma suna faɗuwa, kuma yawanci ba 'yan kutse ba ne kamar yadda ake yaɗawa a majalisa. Ranar 20 ga Oktoba 2025, wajen 8 saura na safe agogonmu, yankin AWS, gajimaren kamfanin Amazon, na Arewacin Bajiniya a Amurka ya rikice. Wasu na'urori biyu masu sabunta adireshin intanet (DNS) na ma'ajiyar bayanai ta DynamoDB da kansu suka yi karo, ɗaya ta makara ta rubuta tsohon tsari, ɗayar ta share shi, adireshin ya zama wayam. Ma'ajiyar na nan lafiya lau, amma babu wanda ya san hanyar gidanta. An gyara adireshin cikin awa 3, sai dai kafin abubuwan da suka dogara da ita su miƙe an kai kusan awa 15, Snapchat, Signal da Canva na cikin waɗanda abin ya shafa. Kwana 9 bayan haka, 29 ga Oktoba, wani sauyin saiti da ya shige bisa kuskure ya kwantar da Azure Front Door, wata ƙofar shiga gajimaren Microsoft.

Na Cloudflare, kamfanin da shafuka da yawa ke bi ta cikinsa don kariya, ranar 18 ga Nuwamba 2025, shi ya fi ba ni mamaki. An taɓa izinin wata ma'ajiyar bayanai, sai fayil ɗin da ake tantance baƙi na bogi, wato na'urori masu shiga shafi kamar mutane, da shi ya ninka girmansa, ya haura iyakar abu 200 da aka yanka wa manhajar da ke karanta shi, ita kuwa ta faɗi. Da yake duk minti 5 ake sake haɗa fayil ɗin, wani lokaci ya fito daidai wani lokaci ya fito a lalace, abin ya riƙa tashi yana faɗuwa, har su kansu injiniyoyin da farko suka zaci hari aka kawo musu. X da ChatGPT duk sun tsaya. Haka Facebook ranar 4 ga Oktoba 2021: umarni ɗaya aka bayar lokacin gyara, ya katse cibiyoyinsu daga duniya, WhatsApp da Instagram suka yi kusan awa 6 shiru. Ka duba duka, abu ɗaya ke maimaituwa: ƙaramin sauyi da na'ura ta watsa ko'ina cikin daƙiƙoƙi kafin ɗan Adam ya ankara, a kan wani abu da dubban kamfanoni suka jingina da shi ba tare da masu sayen kayansu sun sani ba.

To na yarda, ba masu manhajar suka kashe gajimare ba. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. An sayar mana da manhajar nan da alkawarin tana aiki ko ba intanet. Gaskiyar ita ce izinin shiga da take ba waya yana mutuwa bayan awa 12, kowace safiya sai ta nemi sabo daga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke can cikin gajimare. Uwar garke na kwance, wayoyin Garwa suka zama madubi. Ko jerin farashi ba ta ajiye a cikin wayar, balle jerin masu bashi. Wani dattijo mai kiri ya zo biyan bashi, ya ce, "Ɗana, ga kuɗina a hannu, nawa ake bi na?" Babu mai amsa. Aka karɓa aka rubuta a bayan kwalin sabulu. Wanda ya rubuta manhajar da za a yi aiki da ita inda wuta ke ɗaukewa, fiba ke yankewa, bai kamata ya ɗauka layi zai zauna daram kamar a Faransa ba. Ajiye farashi da bashi a cikin waya, da barin izinin shiga ya kai kwana 7, ba wani aikin a zo a gani ba ne.

Wajen la'asar ta dawo. Aka shiga, komai na nan: kayan rumbu, bashi, cinikin wata 14, ko layi ɗaya bai ɓace ba. Ran nan har na yi niyyar ba ta tauraro 4, don na san yadda abin ke iya ƙarewa. Gobarar da ta cinye ginin OVH, wani kamfanin gajimare, a Strasbourg ta Faransa ranar 10 ga Maris 2021 ta tafi da bayanan mutane da yawa har abada, musamman waɗanda kwafin ajiyarsu ke wuri ɗaya da na asalin. Kwantawar awa 8 ba komai ba ce kusa da wannan.

Ashe da sauran rina a kaba. Ranar Litinin lissafin Marwa ya ƙi haɗuwa. Wayar can an buɗe ta tun 7 da rabi, kafin abin ya faru, saboda haka ta ci gaba da karɓar faktir. Duk sanda yaro ya danna ajiyewa sai ta yi ta juyi ba amsa, shi kuwa ya sake dannawa, sau biyu, sau uku. Kowace dannawa ta shiga layin jira. Da uwar garke ta farfaɗo, wayar ta juye mata duka: faktir 41 suka zama 97. Buhunan da ke jibge a rumbu manhaja ta ce an sayar, mutanen da suka ci bashi sau ɗaya aka ninka musu, biyu daga cikinsu har saƙon tunatarwa ya je wayoyinsu da adadin ƙarya. Wannan kam ba gajimare ba ne, rubutun manhajar ne. Kamata ya yi wayar ta ba kowane faktir lambarsa tun kafin ta aika, ta yadda in lamba ɗaya ta iso sau uku, uwar garke ta karɓi ɗaya ta watsar da biyu. Ita wannan a can ake yanka lambar, duk abin da ya iso sabo ne a wurinta. Kuma ba ta jinkirta sake aikawa, hari take yi ba ƙaƙƙautawa, irin abin da ke sa uwar garken da ta fara miƙewa ta sake durƙushewa. Google ma ya amsa cewa irin wannan cinkoson ya ja masa lokaci a babban yankinsa na Iowa ranar 12 ga Yuni 2025.

Goge faktir 56 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ake yi, kowanne sai an sa kalmar sirrin maigida, babu hanyar zaɓar su a dunƙule. Yini biyu ya ci. Diyyar da suka bayar kwana 3 kyauta. A takardar yarjejeniya an rubuta kashi 99.9 cikin 100, adadin da ke cika ido, amma in ka buga lissafi ya ba su damar kwanciya awa 8 da minti 45 a shekara, kuma babu inda aka ce ba za su haɗa su duka a Asabar ɗin ƙarshen wata ba. Na nemi fitar da bayananmu a Excel don mu riƙe kwafi a hannu, aka ce PDF kaɗai ke fita, shafi-shafi, wanda ba ya shiga wata manhajar sai an sake bugawa da hannu.

Yanzu kowace yamma kafin a rufe ana buga jerin bashi da na farashi a sa a aljihun tebur, littafin faktir mai kabon ya dawo kan kanta, kuma an gargaɗi yara: in da'ira ta fara juyi, dannawa ɗaya, sai a ɗauki biro. Na aika musu tambaya uku a rubuce, wane gajimare suke haya kuma a yanki nawa, ina kwafin ajiyarmu yake, da yaushe za a gyara lambar faktir. Ta farko suka amsa da cewa sirrin kamfani ne. Sauran biyun mako 5 ke nan, kuma kuɗin shekara zai ƙare a wata mai zuwa.