Motar Kano zuwa Gembu: direban ya fita kunyata, kamfanin bai fita ba

Masu tambayata wace mota na bi zuwa tsaunin Mambila na Jihar Taraba, inda garin Gembu yake, ga amsarku. Ba sai na kama suna ba, duk mai bin wannan layi ya san masu yankar tikitin "kai tsaye" daga Kano zuwa Gembu, kuma kun san yadda kuɗin mota ya koma yanzu. Na biya na kujera, aka kuma caje ni kuɗin kaya daban saboda babbar jakar goyo da na ɗauko. A cikinta tantina yake, da bargo, da rigunan sanyi, da takalmin hawan dutse. Shirina in sauka a Nguroje, in hau acaɓa zuwa Njawai, daga nan a taka da ƙafa zuwa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, can a kan iyaka da Kamaru.

Daga Kano zuwa Jalingo ba ni da ƙorafi. Mun bi ta Gombe da Kaltungo da Numan, an tsaya mana sallah a kan lokaci. Sai dai "kai tsayen" nan a Jalingo ya ƙare. A tasha muka kwana, da safe aka juye mu cikin wata ƙaramar bas wadda tun kafin mu shiga an riga an cika ta da buhunan 'yan kasuwa da jarkoki, an ɗora bandir ɗin kwano a sama. Kujerar mutum uku aka dasa mu mu huɗu. Na haɗiye wannan, don hanyar Bali ba wadda ake zaɓen mota ba ce.

Direban dattijo ne mai sanyin magana. A Serti da na ce masa ina so in leƙa ofishin gandun dajin Gashaka Gumti in karɓi izini, tunda dutsen a cikin gandun yake kuma ba a hawansa sai da ma'aikacinsu, bai ɓata rai ba, ya ce in je in dawo za su ci abinci su jira ni. Tun daga nan ya kwanta mini a rai.

A Mayo Selbe abin ya faru. Garin yana gindin tsauni ne, nan motoci ke tsayawa a zuba ruwa a lagireto a duba birki kafin a kama hawa. Zafi ake yi sosai a wurin, kowa da 'yar shara a jikinsa, kayan sanyi duk suna cikin jaka. Muka tafi sallar la'asar. Ashe kafin mu dawo wakilin kamfanin na wurin ya duba ya ga motar ta yi nauyi ba za ta iya hawan ba, sai ya sa yaron mota ya rage kaya, wai wata motarsu da ke baya za ta taho da su. To, me aka sauke? Ba buhunan ba, ba kwanon ba. Jakunkunan fasinja aka zare daga ƙarƙashin tampol, aka mayar da igiya aka ɗaure kamar ba a taɓa ba. Ba wanda ya buɗe baki ya gaya mana.

Hawan kansa abin kallo ne da abin tsoro a haɗe. Kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, mota na nishi a giya ɗaya, musamman a wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi. Salati kawai kake ji a motar. Dattijon nan kuwa ko gezau, ya san kowace kwana tun kafin ta bayyana. Muna isa Maisamari duniya ta sauya: tuddai masu ciyawa iya ganinka, garken shanu a warwatse, layin bishiyoyin turare, da wata iska da ta sa kowa ya ja gilashi ya rufe.

Bayan magariba muka shiga Nguroje. Na sauka, yaro ya hau sama ya yaye tampol, ya daɗe yana lalube, sannan ya sauko yana sosa ƙeya.

"Malam, ka yi haƙuri, jakarka tana baya."

Na ce baya ina? Ya ce Mayo Selbe.

Wallahi ban san lokacin da muryata ta ɗaga ba. Wanda bai taɓa kwana a Mambila da hunturu ba ba zai gane girman abin ba. Tsaunin nan tudunsa ya kai kusan mita 1,600 a yawancin wurare, Nguroje kuma tana cikin garuruwan da suka fi tudu. Rana na faɗuwa sanyi ke sauka, ga iska ba abin da ke tare ta, tana ratsa riga kamar ruwa a rariya. Ni ga ni tsaye da 'yar shara da silifas. Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba nawa ba ne. Akwai wata baiwar Allah mai goyo da za ta wuce Gembu, ita ma jakar kayan jaririnta na cikin waɗanda aka sauke. Sai wata hajiya a motar ce ta cire mayafinta mai kauri ta ba ta aka naɗe yaron. Na kira lambar da ke jikin rasit, tana shiga ba a ɗauka.

Direban ya fito ya tsaya gabana. Ya rantse shi ma yana masallaci aka yi wannan aiki, an dai ce masa an rage kaya, ya ɗauka buhuna ne. Ya karɓi lambata, ya damƙa ni a hannun wani mai shayi, ya ce masa da Fulatanci abin da na fahimci amana ce yake ba shi. Mai shayin ya ara mini bargo da wata tsohuwar kwat, ya nuna mini masauki. Duk da haka barcin ranar rabi da rabi ne, ga sanyi ga tunanin kayan da na daɗe ina tara kuɗinsu.

Da hantsi ina zaune ina shan shayi sai ga babur ya tsaya. Dattijon nan ne, fuska duk ƙura, ya naɗe kai da rawani, jakata a ɗaure a bayansa, ta mai jegon kuma a kan tanki. Motar da aka ce tana baya ashe ba ta ma taso ba. Shi da ya sauke fasinja a Gembu ya samu wannan labari, sai ya ari babur tun asuba, ya gangara har Mayo Selbe cikin wannan sanyi, ya sake hawowa. Na buɗe jaka, ko allura ba ta ɓata ba. Na ciro kuɗi na miƙa masa, ya ture hannuna.

"Haba Malam, a motata aka sauke ta. Ka dai yafe mana."

Na ce Baba, ko na mai ne ka karɓa. Da ƙyar ya karɓi wannan, ya wuce Gembu ya kai wa matar tata. Allah ya saka wa wannan bawa nasa da alheri, ya tsare shi a kan hanyar nan. A wannan safiya da an ce in ba kamfanin maki, cikakke zan ba su, saboda shi.

Tafiyar dutsen ta yi kyau fiye da yadda na zata, duk da sai da na sake daidaita rana da ma'aikacin gandun. A sama ciyawa ce zalla da iska mai neman ture mutum, ana hango tuddan Kamaru a jere. Kowace rigar da ke jakar nan sai da na sa ta. A can ne ma, ina kwance cikin tanti iska na kaɗa shi, abin ya dawo mini sabo: da jakar ba ta iso ba fa? Kuma wa ya ɗauki wahalar? Mutum ɗaya, da aron babur. Kamfanin da ya karɓi kuɗin kayana bai san ma an yi ba.

A hanyar dawowa na tsaya ofishinsu na Jalingo na kai ƙorafi, na kuma nemi a mayar mini da kuɗin kayan, tunda ba motarsu ce ta kai jakar ba. Wanda na tarar ko ɗago kai bai yi sosai ba, ya ce, "To ai ka samu kayanka, Alhaji." Shi ke nan. Ba haƙuri, ba tambayar wanda ya sauke. Nan duk sauran abubuwan da na haɗiye suka taso mini. Kun sayar mini da tikitin kai tsaye kuna sane za a juye ni. Kun karɓi kuɗin jaka ba ku manna mata ko 'yar takarda ba. Kun loda wa mota abin da ku da kanku kun san ba za ta hau tsauni da shi ba, a hanyar da birki ɗaya in ya ƙi ba a maganar asarar kaya, sai ta rayuka. Da aka zo ragewa kuma kuka fifita buhu a kan rigar jariri.

Maki biyu cikin biyar na ba su, kuma biyun na dattijon ne. In Allah ya sake kai ni, tikitin Jalingo kawai zan yanka, in shiga tasha in zaɓi motar Gembu da idona. Ku kuma masu shirin zuwa, ku riƙe rigar sanyi a cinya tun daga Serti, kuma in an tsaya a Mayo Selbe ku yi sallah bi da bi, wani ya tsaya a jikin mota har a ɗaure igiyar ƙarshe.