Escomb, ƙauyen da mabuɗin cocinsa yake rataye a bango

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Kun sha tambayata farashin shinkafa da kuɗin haya a nan Ingila. Yau wata hidima zan ba ku labarinta, wadda ba a auna ta da mudu, wato yadda mutanen nan suke riƙe tsofaffin gine-ginensu, da abin da baƙo yake samu kyauta da wanda sai ya sa hannu a aljihu.

Kusa da garin Bishop Auckland, a yankin Durham da ke arewa maso gabashin Ingila, akwai wani ɗan ƙauye a bakin kogin Wear da ake kira Escomb. Cocin da ke tsakiyarsa an gina shi ne wajen shekarar 670 zuwa 675 miladiyya. Ku lissafa da kanku: zamanin Mu'awiya ke nan, lokacin da Uƙba bin Nafi'u yake kafa Ƙairawan. Har yau ana ibada a cikinsa. Ginin siriri ne mai tsayi, tagoginsa na asali 'yan ƙanana can sama, kuma mutum kimanin 65 kawai yake ɗauka. Maginan ba su wahalar da kansu da fasa dutse ba. Sun je kangon sansanin sojan Rumawa na Binchester da ke kusa, suka kwaso sassaƙaƙƙun duwatsu. A bangon arewa akwai wani dutse mai ɗauke da sunan runduna ta shida ta Rumawa, an ɗora shi a kife, da alama maginin bai damu da abin da aka rubuta ba. A bangon kudu kuma akwai agogon rana na dutse, wanda ake duba inuwa a kansa don sanin lokacin addu'a.

Shiga kyauta ne. Idan ka tarar da ƙofa a kulle, akwai sanarwa da za ta nuna maka gidan da mabuɗin yake rataye. Ka ɗauka, ka buɗe, ka gama kallonka, ka mayar. Ba maigadi, ba mai cewa a ba shi na goro, ba sai ka san wani ba. A ciki akwai 'yan takardun bayani da akwatin taimako, wanda ya ga dama ya jefa. Wannan yarda ita ta fi burge ni, fiye da duwatsun.

Kada ku ɗauka gwamnati ce ke biyan kuɗin. Cocin ƙauye a Ingila jama'arsa ne ke ɗaukar nauyinsa, da karo-karo da sayar da shayi da kek da neman tallafin ƙungiyoyi. Abin da hukuma ta yi shi ne sanya ginin a sahun farko na gine-ginen da doka ta kare, don haka ko limamin cocin ba shi da ikon sauya wani abu sai da izini a rubuce. Gyara ma da kwaɓin farar ƙasa ake yi, ba siminti ba, saboda siminti yana riƙe danshi ya cinye dutse. Mu da muke shafe ginin ƙasa da siminti muna ganin mun yi gwaninta, ya kamata mu ji wannan.

Su ma dai ba waliyyai ba ne. Da ma'adinan kwal da masana'antar ƙarfe suka jawo mutane yankin, sai cocin ya yi musu kaɗan. A 1863 suka gina sabo babba, suka watsar da tsohon har rufinsa ya fara zubewa. Tsakanin 1875 da 1880 ne wasu suka farga, aka tara kuɗi aka gyara. Abin dariyar, sabon da aka yi alfahari da shi, shi aka rushe a 1971, tsohon yana nan daram. Masana ma suna cewa talaucin ƙauyen ne ya cece shi tun farko, don da akwai masu kuɗi da tuni sun rushe sun gina na yayi.

Sai batun takardu, inda suka yi mana nisa ƙwarai. A 1183 Bishof na Durham ya sa aka rubuta dukiyarsa ƙauye-ƙauye, a kundin da ake kira Boldon. Bishof-bishof na Durham a lokacin sarakuna ne a aikace, da kotunansu da kuɗinsu da suke bugawa. A shafin Escomb har an ambaci wani mai gawayi da aka ba shi gida da 'yar gona, a kan ya riƙa kawo gawayin ƙera ƙarafan garma. Talaka ne tilis, amma ga shi a rubuce shekara fiye da 800. Tun 1538 kuma aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Yau mai neman kakanninsa sai ya je ofishin adana takardu na yankin, ko ya biya kuɗi ya duba a intanet. Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen rubutu, ga Tarihin Kano, ga ɗimbin takardun ajami a gidajen malamai, ga Gidan Arewa a Kaduna. Amma na sarakuna da malamai aka fi rubutawa, kuma da yawa suna cikin adaka gara tana ci.

Kullum na tsaya a Escomb sai na tuna Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, wanda wani sashensa ya rufta a kan masallata a watan Agusta na 2023, Allah ya jiƙansu. In tuna Gobarau a Katsina, da cocin Wusasa da aka gina da ƙasa, mai fasalin ginin Hausa. Gaskiya ginin ƙasa ya fi dutse neman kulawa, kowace damina sai an yi yaɓe. To wa aka ɗora wa yaɓen, kuma daga wane asusu?

Inda gida ya fi su shi ne hidimar masu rai. A ƙauyen nan ba kasuwa, ba mai shayi, ba mai ƙosai a bakin hanya. Gidan giya ne yake kallon cocin, mu kuwa ba wurin zamanmu ba ne. Naman halal sai an shiga manyan garuruwa. Ba acaɓa, ba Keke, tasi sai ka kira ta a waya, kuɗinta kuma ba wasa ba. Gwamnatin ƙasa ta ƙayyade kuɗin bas kada ya wuce fam 2 a 2023, ta mai da shi fam 3 a farkon 2025, sai dai bas ɗin ƙauye ba ya yawan zuwa, da yamma ko ranar Lahadi ma abin sai addu'a. A ƙauyenmu baƙo ba zai yi sallama sau biyu ba a miƙo masa ruwa ba. A nan za su gaishe ka da fara'a, su yi maka hirar ruwan sama, kowa ya shige gida ya rufe ƙofa.

Wanda ya zo karatu Durham ko Newcastle yake son zuwa, ya taho da guzurinsa da rigar ruwa da dardumarsa. Fadar bishof da ke Bishop Auckland da kangon Binchester duka sai da tikiti, kuma Binchester ba a buɗe shi da hunturu. Ya kuma duba lokacin bas na ƙarshe tun kafin ya baro gida.