70-200 na aro ko 55-250 naka: wanne za ka ɗauka bakin teku?

Malam, na ga tambayarka jiya da dare, ka ce za ka Legas biki kuma kana son ka ware yini guda ka je Tarkwa Bay da kyamararka Canon 600D, kana da lens (madubin gaban kyamara) 55-250mm, amma wani abokinka zai ara maka 70-200mm f/2.8, wanne ya fi. In ni ne 55-250 zan ɗauka, na san da yawa za su ce mi nike faɗa haka tunda farin lens ɗin nan, 70-200, shi ne kowa ke mafarki, to a tsaya a ji.

Fara da nauyi. 55-250 STM giram 375 ne, shi ko 70-200 kusan kilo ɗaya da rabi. Tarkwa Bay ba a zuwa da mota, jirgin ruwa za ka shiga, ka sauka ka yi ta taka yashi ƙafa na nutsewa, ga zufa irin ta Legas wadda ba ta bushewa kamar tamu ta Sakkwato, wallahi kafin azahar wuyanka zai gaya maka.

Sai nisa, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Kyamararka ƙaramin sensa gare ta (allon ciki da hoto ke sauka kai), duk lambar lens sai ka ninka da 1.6, kenan 200mm ya zama kamar 320mm, 250mm kuma kamar 400mm. Abin da za ka so ka jawo can ai manyan jiragen kaya ne masu jiran shiga tashar Apapa, da masunta cikin kwalekwale, da tsuntsaye, da hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke wajen, duk abubuwa ne na nesa. Ƙaramin ya fi babban kai wa.

To ina f/2.8 ɗin da anka kashe ma kuɗɗi, wato faɗin ƙofar shigar haske ta babban lens ɗin? Gaskiya ne yana shigar da haske ninki huɗu kan f/5.6 ɗin naka, shi ya sa masu ɗaukar biki cikin hol da dare ba su rabuwa da shi. Amma bakin teku da rana haske ya yi yawa ne ma, ga rana ga yashi ga ruwa duk suna maido shi, kuma shotar 600D, wato saurin ƙiftawar kyamara, iyakarta 1/4000 na daƙiƙa, in ka buɗe f/2.8 da tsakar rana ko ISO 100 ka sa (mafi ƙarancin jin haske) hoton na iya ƙonewa, sai ka rufe zuwa kamar f/8, kuma a f/8 sai mai ido sosai zai gane wanne lens ya ɗauki wanne. Ka sa f/8 da ISO 400, shota za ta wuce 1/1000, ta isa tsayar da tsuntsu da igiyar ruwa.

Ban ce babban bai da nashi ba. In hoton amarya da ango za ka yi dab da magariba kana son baya ya narke, ya hi naka nesa ba kusa ba. Kuma in kana zum jikinshi ba ya fitowa, naka ko yana miƙewa yana komawa, yashi na iya maƙalewa nan. Sai dai ka tuna kyamarar taka ba a yi ta don ruwa ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara, in ruwan gishiri ya shiga lens ɗin mutane cikin jirgi mi za ka ce mashi? Ni na taɓa aron lens na kai hawan sallah ƙofar fadar Sarkin Musulmi, rabin hankalina na kan ƙurar dawaki ba kan hoto ba.

Wani abu da ba lens ɗin da zai gyara maka shi ne hazon teku. Kamar hazonmu na hunturu yake, sai dai na danshi, abin da ke nesa ya fito fari-fari, don haka jiragen nan da safe za ka neme su. Kuma gaɓar Legas kudu take kallo, rana ba tsakiyar ruwa take faɗuwa ba, ta gefen damanka ne in ka fuskanci teku.

Ka sayi filta UV mai 58mm, gilashin kare fuskar lens, tana shiga lens 18-55 ma in kana da shi, ka ɗaura hular lens, ka sa kyamara cikin leda kafin ka shiga jirgi, kada ka kuskura ka canza lens kan yashi. Kada ka nuna kyamara wajen sojan ruwa, mata masu wanka ma a kauda kai. Kafin tafiyar ka fita gadar Kwalkwalawa da safe ka gwada 250mm kan masunta da balbela, ka ga ko hannunka na rawa, ka kunna IS, maɓallin rage rawar hannu, ka matse gwiwar hannu a jiki.