Tsinken 'ya'yan itace mai sulken sukari: na Beijing, na Guangzhou da na gidana

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin da kika nema game da jajayen tsinkayen nan masu ƙyalli da kika gani a hannun yara a hoton da na aiko.

Sunansu a nan ƙasar Sin tanghulu, wasu kuma su ce bingtang hulu. Tang shi ne sukari, hulu kuwa shi ne duman nan mai siririn ƙugu, domin idan aka jera 'ya'yan itace biyu a tsinke, ƙarami a bisa babba, kamarsu ɗaya da shi. Na asali da wani ɗan itace ake yin sa mai suna shanzha, ja ne, ƙarami, da ƙwallaye masu tauri a ciki, ga tsami mai kashe haƙori. Ana jera shi a tsinken gora, a tsoma a narkakken sukari, a bar shi ya daskare ya zama sulke kamar gilashi. Masu sayarwa suna son ba da labarin cewa a zamanin sarki Guangzong na daular Song, wanda ya yi mulki daga 1189 zuwa 1194, aka warkar da wata matar sarki da shanzha da aka dafa da sukari, daga nan abin ya fito daga fada ya shiga kasuwa. Hikaya ce dai ta baka, amma tana taimaka wa ciniki.

Na fara cin sa ne a Beijing lokacin da nake karatu, kuma har yau ban ci wanda ya kama ƙafar na can ba. Abincin hunturu ne. Daga sanda sanyi ya kama har zuwa bukukuwan sabuwar shekarar gargajiya, za ki ga masu talla sun soke tsinkayen a jikin wani dami da aka ɗaure a kan sanda ko a bayan keke, wasu kuma sun jera su a akwatin gilashi. Idan kika gatsa, sulken yakan fashe da ƙara, ba ya manne wa haƙori, zaƙin ya haɗu da tsamin a lokaci guda, babu wanda ya rinjayi wani. Wasu sukan tsaga shanzhan su cire ƙwallayen su cusa markaɗaɗɗen jan wake ko gyaɗar bishiya, wasu su barbaɗa riɗi. Ban taɓa damuwa da batun halacci ba, tunda ba kome a cikin na asalin sai ɗan itace da sukari da ruwa.

Sai da na dawo Guangzhou na gane cewa rabin gwanintar mai tallan Beijing ba tasa ba ce, ta iskar garin ce. Hunturun arewa busasshe ne, ga sanyi da yakan sauka ƙasa da sifiri, saboda haka tsinke zai wuni a waje sulkensa bai yi laushi ba. Guangzhou kuwa, da ke kudancin ƙasar, gari ne mai zafi da laima, shi kuma daskararren sukari janyo danshin iska yake yi. Shagunan manyan kantuna na nan sun fi na kan titin Beijing tsabta da kyan gani, sun fi yawan zaɓi, akwai na sitiroberi, na inabi, na ɓaren tanjirin, kuma sukan naɗe miki shi a wata siririyar takardar shinkafa da ake iya cinye ta. Amma a firji suke ajiye shi, ya fi tsada, kuma da zarar an fito da shi ya fara zufa. Na taɓa sayen biyu a wani shago na kawo gida, kafin na hau bene sukarin ya tsiyaye a leda. Wata maƙwabciyata 'yar Koriya ta Kudu ta ce a 2023 shagunansa sun cika titunan Seoul, galibi da sitiroberi da koren inabi. A ganina waɗannan zaƙi ne a kan zaƙi, sun rasa tsamin da ya sa aka ƙirƙiro abin tun farko.

Wannan ne ya sa na koma yin sa da kaina. Nakan auna sukari kofi biyu da ruwa kofi ɗaya a ƙaramar tukunya mai kaurin gindi. Kafin na kunna wuta na riga na wanke 'ya'yan itacen na goge su sun bushe sarai, na soke su biyu ko uku a tsinke, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya hana sukari kamawa. Idan ya fara tafasa ba a juya shi ko kaɗan, in ba haka ba sai ya koma tsakuwa-tsakuwa, ya yi fari kamar yashi. Wurin da aikin yake shi ne zafi: dole ya kai wajen digiri 150 a ma'aunin Selshiyas. Idan bai kai ba zai yi danƙo ya liƙe a haƙori, idan ya haura 160 da yawa zai fara yin duhu da ɗaci, kuma tsakanin biyun 'yan daƙiƙu ne. Wanda ba shi da ma'auni sai ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, in ya daskare nan take ya karye ƙas, ya yi. Daga nan a karkata tukunya, a juya tsinken sau ɗaya cikin sauri, a ɗora a farantin da aka shafa wa mai ko a tsoma a ruwan ƙanƙara. Sulken da ya fi daɗi shi ne mafi siriri, kuma karo na uku ne na same shi, na farko biyun cokali muka sa.

Ki kiyaye da yara a kusa, Yaya, domin sukarin nan ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma idan ya zuba a fata mannewa yake yi. Ban yarda da dabarar da ake yayatawa ta narka shi a na'urar ɗumama abinci cikin kofin roba ba, tukunya a kan murhu ta fi aminci.

Nawa na gida ya fi na shagunan Guangzhou, saboda daga tukunya sai baki, amma bai kai na Beijing ba. Idan za ki gwada, ki zaɓi ranar da iska ta bushe, ki nemi ɗan itace mai tsami da tauri wanda ba ya zubar da ruwa, ki yi iya wanda za a cinye cikin rabin awa. Tukunyar kuma kada ki kankare ta, ki cika ta da ruwa ki mayar a wuta, sukarin zai narke da kansa.