Ɗakin fisiyo na Ƙofar Ƙaura: hannu ya ƙware, motsa jiki ya yi kaɗan

Ciwon baya da ya haura wata 3 ba ya jin tausa kawai, kuma ma'aikatan wannan ɗakin gashin ƙashi sun san haka. Kafin su taɓa mutum sai sun tambaya: akwai zazzaɓi, rama, kasa riƙe fitsari, ko mutuwar jiki tsakanin cinyoyi? In akwai, asibiti suke tura shi, domin yana iya zama babbar cuta kamar tarin fuka na ƙashin baya, wanda ba a danna shi. Wannan kaɗai ya raba su da masu taka bayan mutum da ƙafa.

Aikin hannunsu shi ne abin yabo. Mara lafiya zai kwanta rub da ciki, a sa masa matashi ƙarƙashin mara. Likita ya ɗora gefen tafin hannu a kan gaɓoɓin ƙasan gadon baya, ya riƙa dannawa yana saki a hankali, daƙiƙa 30 zuwa 60, sau 3, yana tambaya, "Baba, ya sauka ƙafa?" In zafin ya gangara ƙafa, nan take a rage ƙarfi. Mata kuwa mace ke duba su, bayan labule.

Inda suka gaza: gashi da jakar zafi yakan cinye minti 20, motsa jiki a bar shi a gurguje. Sauƙin da hannu ke kawowa ba ya daɗewa in tsokar ciki da ta ƙugu ba su yi ƙarfi ba, musamman ga ɗan acaɓa ko tela mai wuni a zaune. Ku nemi a nuna muku atisayen gida, ku yi a gabansu kafin ku fita.