Zafi ne ko baƙin mai? Amsa ga wanda injinsa mai sufacaja ya buga a filin tsere

Ɗan'uwa, kafin komai ina yi maka jaje, domin wanda ya tara kuɗi ya ɗora wa motarsa sufacaja, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi ta hanyar danna masa iska, sannan ya ga janwe ya fito da ita daga filin tsere, shi kaɗai ya san abin da ke ransa. Ka ce motar mai silinda 8 ce, ta shekara biyu tana hawa titi lafiya lau, amma ranar da ka kai ta filin tsere mai kwanoni a can Amurka inda kake zaune, bayan kamar minti 15 kana gudu, da fitowarka daga wata doguwar kwana sai inji ya kama ƙara, ƙarfi ya tafi. Bakanike ɗaya ya ce zafi ne, ɗayan ya ce yankewar baƙin mai ce, kana neman sanin wanda ya fi gaskiya. Kowannensu yana da hujja, sai dai ɓarnar biyu ba wuri ɗaya suke barin sawunsu ba.

Mu fara da zafi, tunda shi ne laifin sufacaja na kanta. Aikinta shi ne ta karɓi juyi daga karanshaf, wato babban sandan da fistin ke juyawa, ta hanyar bel, ta danna iska cikin silinda fiye da abin da inji zai iya shaƙa da kansa, kuma duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. A kan titi, ko a tseren miƙaƙƙiyar hanya na mita 400 da ake gamawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, na'urar da ke sanyaya wannan iskar kafin ta shiga silinda tana samun hutu tsakanin taka totur ɗaya da na gaba. A filin kwanoni babu wannan hutun. Ruwan na'urar yana ɗumama zagaye bayan zagaye har ya daina ɗauke zafin, daga nan fetur ya fara fashewa da kansa a lungun silinda maimakon ya ci a hankali daga wutar fulogi. Wannan fashewar kamar dukan guduma take a kan fistin, kuma wurin da take fara karyawa shi ne siririn bangon da ke tsakanin ringi da ringi. Idan abin ya daɗe sai saman fistin ya zaizaye, domin alminiyon yana narkewa ne a wajen digiri 660 na ma'aunin Salsiyas, kuma yana rasa ƙarfinsa tun kafin ya kai nan.

Ko manyan kamfanoni sun sha fama da wannan. Motar Corvette Z06 ta 2015, wadda ta zo da sufacaja tun daga kamfani, mai inji lita 6.2 da ƙarfin doki 650, ta jawo ƙorafin masu ita cewa takan rage ƙarfi da kanta a filin tsere saboda zafi, har maganar ta kai kotu a 2017. Da aka zo fitar da Corvette ZR1 ta 2019 mai ƙarfin doki 755, na'urorin sanyaya 13 aka jera mata. Ka lura, Z06 ɗin rage ƙarfi take yi, domin kwamfutarta tana lura da zafin ko fashewar ta ja da baya. Motar da aka ɗora wa sufacaja daga baya ba ta da wannan kariyar sai gwargwadon ƙwarewar wanda ya saita kwamfutar, kuma sau da yawa a kan na'urar gwaji aka yi saitin, da inji mai sanyi, cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Matsalar baƙin mai kuwa kwana ce ke kawo ta, sufacaja ƙara mata nauyi kawai take yi. Ɗauki kwano rabinsa ruwa ka juya da shi da sauri, za ka ga ruwan ya hau gefe ɗaya. Haka man yake yi a kwanon da ke ƙarƙashin inji. Idan tayoyi masu riƙo suka ba mota damar shan kwana da ƙarfin da ya kai nauyinta, saman man yana karkata digiri 45, bakin bututun famfo ya fito fili, famfo ya zuƙi iska da kumfa. Injin da ke juyi 6,000 a minti yana juyawa sau 100 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka daƙiƙa biyu ba mai sun isa metal ɗin kwanrod, wato siririn ƙarfen da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf, ya gogi karanshaf tsirara. Ga shi kuma lokacin da direba ke taka totur domin fita daga kwanar shi ne lokacin da sufacaja ke ɗora wa metal ɗin kaya mafi nauyi.

A wajen alamu ma sun sha bamban. Zafi yakan yi sallama: mota tana yin nauyi zagaye bayan zagaye, allurar ruwa tana hawa, wani lokaci a ji ƙara siririya kamar tsakuwa a cikin gwangwani, daga baya hayaƙi mai shuɗi ya biyo salansa, silinda ɗaya ta mutu. Baƙin mai ba ya sallama. Fitilarsa takan ƙifta sau ɗaya a tsakiyar kwana, lokacin da idon direba yake kan hanya, abin da zai biyo baya shi ne bugu mai nauyi daga ƙasan inji, wanda ke ƙaruwa da juyin inji.

Bisa abin da ka faɗa, na fi karkata ga bakanike na biyu, saboda doguwar kwanar da kuma zuwan ƙarar farat ɗaya. Amma akwai abin da ya hana ni yanke hukunci. Kwanar da ke kawar da baƙin mai tana kawar da fetur a tanki idan ya yi ƙasa, kuma injin da ke neman wajen kashi 12 na iska ga kashi ɗaya na fetur lokacin da sufacaja ke dannawa, idan fetur ya yanke masa na ɗan lokaci, fistin ne zai biya. Saboda haka ina so ka tuna yawan fetur ɗin da ke tankinka a wancan zagayen.

Kada ka yarda a sayi ko ƙusa ɗaya sai an duba abu uku. A kwance fulogi duka 8 a jera su bisa lambar silinda. Wanda farin tangaran ɗinsa ya yi ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa barkono, ko bakinsa ya narke, yana ba da shaidar fashewa. A yanka matatar baƙin mai, wato filta, a buɗe takardarta a rana. Idan ka ga tana ƙyalli da ɓurɓushi masu launin jan ƙarfe, metal ya tafi. Sannan a dubi metal ɗin kansa, domin fashewa ma tana cinye shi, amma ɓarin sama take daka, alhali rashin mai yakan bar shi a goge, ya yi baƙi ko shuɗi, sau da yawa a kwanrod fiye da ɗaya.

Idan mai ne, kwano mai shingaye a ciki da tulun ajiyar mai irin Accusump sun fi ƙara girman lagireto amfani a gare ka, kuma sun fi arha nesa ba kusa ba a kan tsarin tankin mai na daban irin wanda Z06 ke da shi. Idan zafi ne, sai a faɗaɗa na'urar sanyaya iska, a sa wa sufacajar fuli mafi girma domin matsin ya ragu, a sake saitin da inji mai zafi. Ka turo hoton fulogin da na matatar idan an buɗe, mu duba tare.