Na fitar da kwas ɗina zuwa manhajar wata ma'aikata: abin da ya tafi da abin da ya ƙi tafiya

Maɓallin fitar da kwas da ke dandalin da nake shirya darussa yana aiki, ba ni da ja a kan wannan. Ka danna shi, ka ɗan jira, sai ya miƙo maka fayil guda na zip. Inda nake da magana shi ne yadda dandalin ke tallata abin, wai ka ɗauki kwas ɗinka ka kai shi duk inda ka ga dama. Darussan suna tafiya, gaskiya ne. Amma kwas ba darussa ne kawai ba, kuma sauran abin da ya sa ya zama kwas yana nan zaune a inda ka baro shi.

Kwas ɗin da na fitar na wayar da kan ma'aikata ne game da tsaron intanet: kalmar sirri, saƙonnin 'yan damfara, da yadda ake adana bayanan jama'a. Wata ma'aikata ta nuna tana so, amma da sharaɗin ma'aikatanta ba za su buɗe asusu a dandalina ba. Suna da tasu manhajar gudanar da karatu, wadda ake kira LMS a taƙaice, a nan suke ajiye tarihin horon kowane ma'aikaci, a nan kuma masu bincike ke dubawa idan sun zo. Hujjarsu mai ƙarfi ce, don haka ban tsaya musu ba.

Da na shiga shafin fitarwa sai na tarar da zaɓi uku: SCORM 1.2, SCORM 2004 da xAPI, babu wani bayani a ƙarƙashinsu sai sunayen kawai. Wanda bai san dawan garin ba zai ɗauki mai babbar lamba yana ganin ya fi. SCORM dai wata ƙa'ida ce da ta tsara yadda darasi zai riƙa magana da manhajar da aka ɗora shi a kai. Shirin ADL na ma'aikatar tsaron Amurka ne ya samar da ita. Sigar 1.2 ta fito a 2001, ɗayar kuma a 2004, aka yi ta yi mata kwaskwarima har bugu na huɗu a 2009. Ita xAPI, wata sabuwar ƙa'ida mai irin wannan aiki, ta zo a 2013, kuma tana buƙatar wata ma'ajiya ta daban, LRS, inda ake tara bayanan abin da ɗalibi ya aikata. Abin mamakin shi ne tsohuwar, wato SCORM 1.2, mai shekara fiye da 20, ita ce har yanzu kusan kowace manhaja ke karɓa ba tare da gardama ba. Ko Moodle, manhajar gudanar da karatu da makarantu da yawa a duniya ke amfani da ita, takardunta sun faɗa ƙarara cewa SCORM 1.2 take tallafa wa sosai, ba ta cika dukkan sharuɗɗan 2004 ba. Na tambayi jami'in ma'aikatar wace suke karɓa, ya ce 1.2, na bi shi a haka.

Karon farko da suka ɗora fayil ɗin, manhajarsu ta ƙi shi, ta ce ba ta ga imsmanifest.xml ba. Wannan ɗan fayil shi ne jerin kayan da ke cikin ƙunshin, shi ke gaya wa manhaja sunan kwas da shafin da za ta fara buɗewa, kuma dole ya kasance a saman ƙunshin, ba cikin wata folda ba. Da muka bi sawu sai muka gano kwamfutar jami'in ta warware zip ɗin da kanta bayan saukewa, shi kuma ya sake ƙunshe foldar gaba ɗaya, fayil ɗin ya nutse hawa ɗaya. Na sake tura masa na ce kada ya taɓa komai, ya ɗora yadda ya zo. Nan take ya shiga. Wannan ba laifin dandalina ba ne, sai dai da sun rubuta gargaɗi na layi ɗaya kusa da maɓallin, da an huta.

A fannin kamanni kam sun ci yabo. Rubutu, hotuna, launuka, tambayoyin zaɓi, duk sun fito yadda na tsara su, a kwamfuta da a waya. Ƙunshin na HTML5 ne tsantsa, wato fasahar shafukan intanet ta zamani, babu ragowar Flash, tsohuwar fasahar nuna bidiyo da hotuna masu motsi da aka daina tallafa wa a ƙarshen 2020, wadda ta kashe tsofaffin kwasa-kwasai masu yawa. Bidiyo ne kawai ya kumbura fayil ɗin har ya zarce iyakar girman da sabar ma'aikatar ta yarda a ɗora, sai da na rage nauyinsa.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Matsalar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce tambayar da ake ganin mai sauƙi: yaushe ne za a ce mutum ya gama kwas?

A dandalina ban taɓa damuwa da wannan ba, domin shi ke lissafa komai da kansa. Amma idan kwas ya koma gidan wani, darasin ne da kansa zai aika wa manhaja saƙo cewa wane ya kammala, kuma kai ne za ka zaɓi abin da zai sa ya aika: ko ganin kaso kaza na shafuka, ko cin jarrabawar ƙarshe. Saitin da dandalin ya zo da shi shi ne ganin dukkan shafuka. Wata ma'aikaciya ta karanta komai, ta ci jarrabawa da maki mai kyau, ta rufe burauza a shafin sakamako. Saura shafi guda na godiya da ba ta buɗe ba. Washegari sunanta ya fito cikin jerin waɗanda ba su gama ba, shugabanta ya aika mata da tunatarwa, ita kuma ta turo hoton makinta tana tambayar me ake nufi da ita. Tana da gaskiya. Na mayar da sharaɗin kan cin jarrabawa, na cire shafin godiyar ma baki ɗaya.

Akwai wani ƙulli kuma a cikin SCORM 1.2 ɗin kanta. Gurbi ɗaya tak take da shi na matsayin ɗalibi, wanda zai ɗauki ɗaya daga cikin kalmomi kamar ya ci, ya faɗi, ya kammala, bai kammala ba. Ke nan ba za ta iya cewa wane ya karanta kwas har ƙarshe amma ya faɗi jarrabawa ba, sai ta zaɓi ɗaya. Sigar 2004 ce ta raba su gida biyu, kammalawa daban, nasara daban. Ga ma'aikatar da ke son sanin wanda ya karanta har ƙarshe bai ci ba da wanda ya tsallake darussa ya faɗi, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Sai maganar ci gaba daga inda aka tsaya. Idan ɗalibi ya fita, darasin yana ajiye bayanin inda ya kai da amsoshin da ya bayar a wani gurbi mai suna suspend_data. A 1.2 iyakarsa haruffa 4,096 ne, a bugu na uku da na huɗu na 2004 kuwa 64,000. Wasu manhajoji suna kau da kai su karɓi fiye da iyakar, wasu kuma suna yanke abin da ya haura. Ta ma'aikatar nan mai yankewa ce. Waɗanda suka tsaya a farkon kwas suna dawowa lafiya, amma waɗanda suka yi nisa sai su dawo a mayar da su baya, su sake bin abin da suka riga suka wuce. Babu abin da ke sa babban mutum ya tsani kwas kamar wannan. Maganin da na samu shi ne datsa kwas ɗin gida-gida, kowane babi da nasa ƙunshin. Ya yi aiki, amma ya ninka wa jami'in aikin ɗorawa, kuma dandalin, wanda ya fi kowa sanin tsawon kwas ɗina, bai ce mini uffan ba lokacin da na zaɓi 1.2. A nan na fi rage masa maki.

Rahoton jarrabawa ma ya rame. A gida ina ganin tambayar da ta fi kayar da mutane, in koma in gyara darasin da ya shafe ta. A can jimillar maki ce ke isa da kyau. Amsoshin ɗaya-ɗaya suna zuwa da lambobin shaida maimakon rubutun tambaya, domin 1.2 ba ta tanadi wurin rubutun ba, sai ka riƙe takarda a gefe kana fassara wace lamba ce wace tambaya. Ni kuma da na shirya kwas ɗin ba na ganin ko wannan, sai abin da suka ga damar turo mini.

Abubuwan da ba su tafi ba kwata-kwata: zauren tattaunawa da duk tambayoyin da ɗaliban baya suka yi da amsoshin da na ba su, aikin da ake rubutowa in duba da hannu, takardar shaidar kammalawa, da tsarin buɗe babi mako-mako. Wasunsu ana iya sake gina su a manhajar da ta karɓa idan jami'in can yana da lokaci da niyya. Tattaunawar ce ba ta da madadi, kuma ita ce rabin amfanin wasu kwasa-kwasaina.

Wani abin da ya kamata mai sayar da kwas ya sani tun kafin ya danna: ƙunshin nan kamar wasiƙa ce da ta riga ta bar hannunka. Ka ga kuskuren rubutu, ko wata shawara ta tsufa, wanda a harkar tsaron intanet ba ya ɗaukar lokaci, sai ka gyara a gida, ka sake fitarwa, ka roƙi a maye gurbin tsohon. Idan gyaran ya taɓa yawan shafuka ko jerinsu, waɗanda ke tsakiyar karatu na iya rasa inda suka tsaya. Haka kuma duk wanda ke riƙe da zip ɗin yana riƙe da kwas ɗinka ɗungurungum, ba ka da hanyar sanin mutum nawa aka ɗora wa, sai amana da abin da kuka sa wa hannu. Akwai hanyoyin kauce wa wannan. Ɗaya ita ce a ba su ɗan ƙaramin ƙunshi da ke janyo darussan daga sabarka. Ɗayar ita ce LTI, ƙa'idar ƙungiyar 1EdTech, wadda a da ake kira IMS Global, inda ɗalibi zai danna daga manhajarsu ya faɗo cikin dandalinka, makinsa kuma ya koma musu. Dandalina ba shi da ko ɗaya daga ciki, kuma ina ganin wannan ne babban giɓinsa.

Abin da ya fi taimaka mini ba daga dandalin ya fito ba. SCORM Cloud na kamfanin Rustici Software yana ba da damar ɗora ƙunshi don gwaji, ka bi kwas ɗin a matsayin ɗalibi, sannan ka buɗe rajistar duk saƙon da ya wuce tsakanin darasi da manhaja, layi bayan layi. Idan ƙunshi ya yi daidai a can ya ƙi a wurin abokin hulɗa, ka san ɓangaren da za ka fara bincika, kuma kana da abin nunawa maimakon cacar baki. Yanzu ba na tura komai sai na gwada shi a can ta hanya uku: in ci jarrabawa, in faɗi da gangan, in kuma rufe burauza ana tsakiyar darasi in dawo.

Ga gajeren kwas mai tsayuwa da ƙafarsa, a karanta, a kalli bidiyo, a amsa tambayoyi, zan sake amfani da wannan maɓalli ba tare da ɗar-ɗar ba, kuma zan ba wani shawarar ya yi. Ma'aikatar ta dawo tana neman kwas ɗina na biyu, wanda ya dogara da aikin rubutu da muhawara tsakanin ɗalibai. Na ce musu wannan ba zai shiga zip ba: ko su bar ma'aikatansu su zo dandalina in riƙa tura musu sakamako a ƙarshen kowane wata, ko mu jira har a samar da LTI.